Ba yau masana taurari suka fara canza magana ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan ba ni fili, saboda har yau ina jin masu cewa wai masana taurari ba su da tsayayyar magana tunda a 2006 suka cire Pluto, duniyoyi tara suka koma takwas. To ai dama can haka abin yake tafiya. Sama da shekara 1000 ana kan maganar Ptolemy, wani masanin taurari na zamanin da, cewa ƙasa ce a tsakiya, rana da wata da taurari na zagaya ta, kuma gaskiya ni ban ga laifinsu ba, kai ma in ka kalli rana ta fito gabas ta faɗi yamma ai abin da ido zai gaya maka kenan. Sai a 1543 littafin wani masanin taurari mai suna Copernicus ya fito ya ce a'a, rana ce a tsakiya.

Ni dai Galileo ne ya fi burge ni wallahi, a 1610 ya saita madubin hangen nesa kan duniyar Mushtari (Jupiter) sai ya ga wasu ɗige-ɗigen haske a gefenta, yau suna nan gobe sun sauya wuri, ashe watanninta ne guda huɗu suke zagaya ta, kenan ba komai ne ke zagaya ƙasa ba. Duniyar Neptune ma da lissafi aka fara sanin inda take kafin a hango ta a 1846.

Ita kuma Pluto, gano Eris, wata ƙaramar duniya mai zagaya rana can nesa, a 2005 ne ya jawo mata, don girmansu kusan ɗaya ne, dole ko a ƙara jerin ko a rage.

Naku mai karatu a kullum.