Chioma Ajunwa ce ta fara ciwo zinaren, ku gyara

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na wasanni na daren Asabar ya ɓata min rai. Mai gabatarwa ya faɗa da bakinsa, har sau biyu, wai 'yan ƙwallon su Kanu ne suka fara ciwo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik. Haba Malam! Su Kanu sun doke Ajantina da ci 3 da 2 ranar Asabar 3 ga Agustan 1996, babu mai musu. Amma tun ranar Juma'a, kwana guda kafin nan, Chioma Ajunwa ta riga ta rataya nata zinaren a dogon tsalle, a can birnin Atlanta na Amurka, inda aka yi gasar. Mita 7.12 ta dira a tsallenta na farko, kuma har aka tashi babu wadda ta kamo ta. Fiona May ta Italiya ta tsaya a 7.02, ita kuwa Jackie Joyner-Kersee, wadda Amurkawa ke ji da ita, da tagulla ta koma gida.

Ni a lokacin ina koyar da wasannin motsa jiki a wata makarantar 'yan mata ta kwana. Da safe na ji labarin a wata 'yar rediyo da nake ɗaure batirinta da roba. Da aka dawo hutu na sa aka kawo mana yashi a amalanke, muka haƙa rami a bayan ɗakin cin abinci, na samo wani tsohon katako na shafa masa farar ƙasa ya zama wurin taka ƙafa. Igiya muke aunawa da ita saboda babu tef. Wata yarinya, ba zan manta ba, sai ta ɗaure zaninta tamau ta sheƙo a guje ba takalmi, 'yan ajinsu na ihu suna "Chioma! Chioma!" Yaran da ba su san inda jihar Imo take ba, amma sun san sunan 'yar sandar nan da ta fito daga can.

Kuma ba a kwance Chioma ta sami zinaren ba. A 1992 aka dakatar da ita shekara huɗu kan gwajin ƙwayoyi, mutane suka ce tata ta ƙare, ta dawo ta ba su kunya. Kafin nan ma ta buga wa Super Falcons, ƙungiyar matan Najeriya, ƙwallo, in ƙwallon ne kaɗai kuke ji. Gidan da aka yi mata alkawari sai 2021 gwamnatin Legas ta miƙa mata makullinsa, bayan shekara 25. A shekarar ce ma Ese Brume ta karya tarihinta na Afirka da mita 7.17. Duk wannan ko ɗaya bai fito a shirinku ba, sai Kanu, sai Amokachi, sai Okocha, kusan rabin awa.

Sannan don Allah ku rage tallan maganin basir ɗin nan da kuke katse shiri da shi. Sau huɗu na ƙirga, kuma ƙararsa ta ninka ta mai gabatarwa, har jikana da ke barci ya firgita.

Ina jiran gyara ranar Asabar mai zuwa, a farkon shiri, ba a ƙarshe ba lokacin da kowa ya kashe rediyo.

Naku,
Tsohon malamin makaranta, daga Funtuwa