Masu gina shafukan intanet, ku tuna da masu karatu da kunne

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi magana da matasanmu masu gina shafukan intanet.

Ni makaho ne, malamin makaranta. Da kunne nake karanta kwamfuta, da manhajar NVDA mai karanto rubutun allo da murya, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka ƙirƙira suka bayar kyauta. Ita ba ruwanta da launi ko adon shafi, abin da magini ya rubuta a ƙarƙashi shi take faɗa mini.

Makon jiya na shiga shafin wata makaranta zan biya wa 'yata kuɗin rajista. Na danna D, harafin da ke kai ni manyan sassan shafi, ba komai. Na danna L ina neman jeri, nan ma babu. Kalmomi ne zube, ban san wacce ce ƙofa ba, wacce ce ado. Na fi awa guda ina lalube. Daga ƙarshe sai da na kira ɗan ƙanena, na miƙa masa katina da lambar sirri. Yaron kirki ne, amma abin ya yi mini ciwo, domin kuɗina ne kuma na iya kwamfuta.

Shi ma gina shafukan intanet ne sana'arsa, don haka ya leƙa ya ga matsalar. Jerin hanyoyin da ke saman shafin duk an cusa shi cikin div, wata alama ta HTML (harshen da ake rubuta shafuka da shi) da ba ta gaya wa manhaja komai. Da an sa shi cikin nav, alamar wurin zirga-zirga, aka jera da ul da li, alamomin jeri, kowace hanya da alamar a, da NVDA ta sanar da ni cewa ga wurin zirga-zirga, jeri ne mai abu bakwai. Wannan adadi ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Kamar a ce maka matakalar bene bakwai ce kafin ka ɗaga ƙafa.

Akwai kuma masu kyakkyawar niyya da ke ƙara mana wahala. Sun ji labarin ARIA, wato ƙarin bayanan da ake liƙa wa shafi domin manhajoji irin NVDA, sai su liƙa wa jerin role="menu". Wannan na irin menun cikin manhaja ne. Da na shiga, NVDA takan sauya hali, haruffan tsallake su daina aiki, ta sa ran maɓallan kibiya za su yi, alhali magini bai tanadi hakan ba. Hukumar W3C da ta tsara ARIA ita da kanta ta ce idan akwai alamar HTML da ta dace, a yi amfani da ita. Idan jerin biyu ne, a raɗa wa kowanne suna da aria-label, a kuma nuna shafin da nake ciki da aria-current.

Tun 2019 Najeriya take da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, ka'idojin WCAG 2.2 na sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafukan intanet kuma sun fito a 2023. 'Ya'yana, kafin ku miƙa aiki, ku ajiye linzami, ku kunna NVDA, ku kashe allon, ku nemi wurin biyan kuɗi. Zango na biyu na tafe, ina son in biya wa 'yata da hannuna.

Wassalam.

Naku,
Wani malami daga Zariya