Kafin a kawo sabon tsari ofis, a tuna da IPPIS

Ya Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin shugabannin ma'aikatu masu ɗokin kawo sabon tsari. An soma IPPIS, wato tsarin biyan albashin ma'aikatan gwamnatin tarayya ta kwamfuta, a 2007 don maganin ma'aikatan bogi, kuma manufar ba ta da aibu. Amma da aka kai shi jami'o'i sai ya ci karo da malaman aro daga wasu jami'o'in da alawus-alawus ɗin koyarwa, abubuwan da ba a yi tsarin da su ba. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi ta yajin aiki, har a Disambar 2023 gwamnatin tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga ciki.

Kafin a sayi manhaja, a zauna da akawu da masu lissafin albashi, domin su suka san teburin da fayil ke kwana. A gwada a sashe guda tukuna. Tsohon tsari da sabo su tafi tare na wata biyu ko uku, ana kwatanta alƙalumansu. Nan ne yawancin shugabanni ke gaggawa. Sannan a ware jami'i ɗaya da kowa ya sani, mai ikon gyara kuskuren albashi cikin mako guda, ba sai wani watan ya kama ba.

Naka,
Wani mai karatu, Zariya