Rahoton Ayyukan Bana Ga 'Yan Ƙungiyarmu Ta Adana Tsofaffin Kayan Hawan Dutse

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa maza da mata, ga bayanin abin da aka yi a bana da abin da ya gagara. Lissafin kuɗi dalla-dalla yana hannun Ma'aji, zai karanta shi ranar babban taro. Ni inda kuɗin ya shafi aiki kawai zan taɓa.

Tarurrukan wata-wata an yi su a inda aka saba, in ban da na watan azumi da aka ɗage, kuma fuskokin da kuka sani su ne dai ke zuwa.

Abin da ya wanke mana zuciya a bana shi ne baje kolin da muka yi ranar Asabar ɗin da ta fi kusa da 11 ga Disamba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa tsaunuka. Ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya ne ya ba mu aron zaure a Unguwar Rimi, bai karɓi ko sisi ba, Allah ya saka masa da alheri. Iyalanmu kawai muka sa ran gani, amma kafin azahar kujeru sun ƙare, ɗalibai na tsaye har bakin ƙofa, ga hazo ga sanyi, ba wanda ya gaji ya tafi.

Mun jera kayan ne bisa tsarin shekaru. A farko igiyar nan ta zaren manila da kowa ya sani, a gefenta kuma labarin dutsen Matterhorn na 1865, lokacin da ayarin Edward Whymper ya zama na farko da ya taka ƙololuwarsa, sai wajen saukowa mutum ɗaya ya zame ya ja uku, igiya ta tsinke, su huɗun suka halaka. Da yaro ya shafa tamu igiyar ya ji kaushinta, ba ya bukatar dogon bayani kan dalilin da ya sa aka koma ta nailan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har kamfanin Edelrid na Jamus ya fito da mai zare a ciki da saƙaƙƙiyar riga a waje a 1953. Shekarar nan ce kuma Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka hau Everest, ranar 29 ga Mayu. Takalman da Mataimakin Shugaba ya tsinto a dilar gwanjo a Kasuwar Barci su ma sun sha kallo, musamman da aka juya tafinsu aka ga tambarin Vibram. Vitale Bramani ya ƙirƙiro wannan tafin roba a 1937, bayan abokan hawansa shida sun mutu a tsaunukan Italiya a 1935, ya ɗora laifin a kan takalman da suka sa.

Amma teburin da ya fi tara jama'a shi ne na notuna, kuma shi ne mafi arha a duk zauren. A ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960, masu hawan dutse a Birtaniya sun riƙa tsintar notunan da suka faɗi a gefen layin dogo, ciki har da layin da ke hawa dutsen Snowdon a Wales. Sai su goge zaren cikin notin da zarto, su zura guntuwar igiya, su cusa shi cikin tsagar dutse ya maƙale, ya zama abin da zai tare mutum idan ya suɓuce. Kafin nan tsakuwa suke cika aljihu da ita su yi wannan aiki. Mun haɗa irin nasu da notunan da muka saya a Panteka, muka rubuta a fili cewa kwaikwayo ne, ba na asali ba. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya shiga faɗa wa yara a wane gurbi irinsa ke zama a jikin dogo, da irin sifanar da ake ɗaure shi da ita. Ya fi mu iya bayani nesa ba kusa ba. A garin da ya girma tare da layin dogo kamar Kaduna, wannan tarihi bai yi kama da na baƙi ba, kuma a ganina daga nan ya kamata mu riƙa fara kowane baje koli.

Da la'asar maƙerin da muka gayyato daga Panteka ya hura wuta a tsakar gida, ya ƙera turken ƙarfe irin wanda ake bugawa da guduma cikin tsaga, yana duba ɗaya daga namu na asali. Muka ba da labarin Yvon Chouinard, wanda ya sayi tsohuwar maƙera ta gawayi a 1957 ya koya wa kansa ƙira, yana sayar da turakunsa daga bayan mota a Amurka. Turakun Turai na ƙarfe mai laushi ne, a buga a bar su a dutse. Nasa masu tauri ne, a buga a cire a sake bugawa, kuma wannan bugu da cirewa ya yi ta raraka tsagogin duwatsun Yosemite na Amurka har shi da kansa, a 1972, ya nemi jama'a su koma amfani da notuna. Maƙerin ya ba ƙungiya turken kyauta. Muna godiya ga matan ƙungiya da suka ɗauki nauyin kunu da ƙosai daga aljihunsu.

Sai abubuwan da ba su yiwu ba, kuma ina roƙon a karanta dalilai kafin a fara ƙorafi.

Akwatunan gilashi ba su kammalu ba. An ba kafinta kafin alƙalami, ya yanka katako, amma kafin a tara cikon kuɗin farashin gilashi ya tashi, shi kuma ba zai yi aiki bashi ba, kuma yana da gaskiya. Saboda haka kayan sun sake cin damina a cikin kwalaye a ɗakin Ma'aji. Tsatsa ta taɓa wasu turaku da karabina ta ƙarfe, wato zoben nan mai ƙofa da ake maƙala igiya a ciki, fumfuna ta kama gefen igiyar manila. An goge, an shafa mai, an shanya, amma duk wanda ya san ruwan Agusta a garin nan ya san wannan ba magani ba ne.

Maganar sayen Friend, maƙalin nan mai buɗewa da rufewa da ake cusawa cikin tsagar dutse, da Ray Jardine ya ƙirƙira, wanda aka fara sayarwa a 1978, kwamiti ya jingine ta. Da dala ake sayensa daga waje, ga kuɗin aikowa, kuma kowa ya san inda naira take. Masu cewa kwamiti ya yi sanyin jiki su gaya mana daga wace jaka za a ɗebo.

Ziyarar Kajuru an soke ta ne bisa shawarar iyayen ƙungiya saboda yanayin tsaro, kuma ba na jin akwai wanda zai so a kai yaran mutane inda hankali bai kwanta ba. Ta Dutsen Kufena a Zariya kuwa babu abin da ya hana ta sai kuɗin mota. Sunaye sun cika takarda, amma da aka ce a kawo kuɗin mai, waɗanda suka biya ba su isa cika bas ɗaya ba, dole aka mayar musu da abinsu.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne aikin naɗar muryoyin dattawa. Mun yi alkawari bara cewa za mu zauna da tsofaffin malamai da sojoji da 'yan sanda da suka yi kwas na Man O' War a tsaunukan Shere da ke Jos, horon da ya samo asali tun 1951 a gaɓar teku kusa da Victoria, wato Limbe ta Kamaru a yau. Su ne suka san irin igiyar da aka ɗaura musu da yadda aka koya musu saukowa daga dutse. Haka kuma dattawan Kagoro da Turunku, waɗanda iyayensu suka zauna a kan duwatsu suna hawa da sauka da kaya a ka, ba igiya ba turke. Kaɗan daga cikinsu muka samu zama da su, da wayar hannu, domin kuɗin na'urar naɗar murya da na zirga-zirga bai taru ba. Ɗaya daga cikin waɗanda ke jerin sunayenmu ya rasu bayan babbar sallah kafin mu kai gare shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Abin da ya sani ya tafi da shi, kuma babu kasuwar da za mu sayo shi.

Duk waɗannan suna komawa ne kan kuɗin wata. Waɗanda suka biya nasu cikakke ba su kai rabin mambobi ba. Ni da Ma'aji mun kira waya, mun tura saƙo, mun je gidaje har sai da muka fara jin nauyin sallama. Aikin sa kai muke yi, mu ma muna da iyali da wuraren aiki. Akwai waɗanda ba a gansu a taro ko ɗaya ba, amma ranar baje koli suna sahun gaba wajen ɗaukar hoto, a WhatsApp kuma su ne masu kawo shawarar manyan ayyuka. Wanda hali ya matsa masa ya faɗa wa Ma'aji a asirce, za a fahimta, domin kowa ya san yadda rayuwa ta yi tsada. Shirun ne ba mu gane masa ba.

Ana kuma tunatar da wanda ya ari karabina biyu da gudumar turke tun kafin damina ya dawo da su. Sunansa na cikin littafi. Kuma don Allah kada kowa ya rataya nauyinsa a jikin wani abu daga kayan ƙungiya, domin igiyar nailan tana lalacewa da shekaru ko da ido bai gani ba, ƙarfen kuma ba wanda ya san irin faɗuwar da ya tare a baya.

Kwamiti zai gabatar wa babban taro shawara biyu: a fara biyan kafinta da duk abin da ya shigo don a gama akwatunan kafin ruwan farko, sannan a raba sunayen dattawan da suka rage ga mambobi bisa unguwanni, kowa ya je da wayarsa, kada a jira na'ura. Masu bashin kuɗin wata su biya kafin ƙarshen Janairu. Bayan nan za a karanta sunaye a taro kamar yadda dokar ƙungiya ta tanada.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, Kaduna