Godiya ga masu wanki da goge mota na bakin titin Zariya, Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga maigidan wurin da yaransa baki ɗaya. Na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin aikin da kuka yi wa motata ya fi ƙarfin in ce madalla a bakin ƙofa in kama gabana. Sana'ata haya ce, ɗaukar amare da tarbo baƙi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma a wannan harka jikin mota ake fara kallo kafin a gaisa da direba. Camry ce baƙa, 'yar Kwatano. Duk wanda ya taɓa riƙe baƙar mota ya san ba ta da sirri. Wankin bakin hanya da omo da tsumma ɗaya ya bar mata siraran zane masu zagaye, waɗanda ba sa fitowa sai rana ta haska su, bonet da rufi kuma duk sun dushe.

Na zo ne da niyyar a sa injin goge fenti a bi ta gaba ɗaya, kamar yadda ake yi ko'ina. Maigida bai ko kalli injin ba sai da aka wanke ta tas, aka shigar da ita ƙarƙashin rumfa, ƙarfen ya huce. Sannan ya ɗauko 'yar tocila yana bin jikinta ƙofa-ƙofa, yana jan farcensa a kan kowane karce. Inda farcen ya wuce sumul ya ce zai fita. A ƙofar baya ta hagu farcen ya maƙale, nan take ya gaya mini gaskiya: wannan aikin mai feshin fenti ne, in ya matsa masa da inji fentin zai cinye, karcen kuma yana nan. Kuɗi ne ya gani a gabansa ya bari, kuma wannan shi ne babban dalilin wannan wasiƙa.

A wurinku na fahimci cewa fentin motocin yanzu hawa-hawa ne. Akwai na share fage, akwai launi, sai wani siriri marar launi a sama da ake kira kiliya, wanda shi ke ba da sheƙin, kuma kaurinsa bai kai na takardar rubutu ba. Folish cin wannan kiliya yake yi kaɗan-kaɗan har ya daidaita ta da zurfin karcen. Kaki kuwa ba ya cin komai, rufewa yake yi ya tsare. Shi ya sa folish sai ta kama ake yin sa, kaki kuma a kai a kai. Mutane da yawa suna ɗaukar su abu ɗaya, kowane wata a kai mota a yi mata bofin, wato folish da inji, wata rana sai a ga rufin yana ɓarewa, alhali abin da inji ya cinye ba ya dawowa sai da sabon feshi.

Na tsaya na kalli yaron da ya yi aikin. Ya liƙa tef a kan robobi da gefunan ƙarfe, inda fenti ya fi sirantaka. Ya fara gwaji a wani ɗan lungu na but da folish mafi laushi, da ya ga ya wadatar bai ƙara mai ƙarfi ba. Injin bai taɓa tsayawa wuri ɗaya a hannunsa ba, kuma lokaci-lokaci yana ɗora bayan hannu ya ji ko wurin ya ɗau zafi. Allah Ya yi wa yaron nan albarka, hannunsa na da natsuwa.

Wajen zaɓen kaki kuma, gwangwanaye na jere a kan kanta, har da Turtle Wax da Meguiar's, amma maigida bai tura mini mafi tsada ba. Tambaya ya fara yi: ina motar take kwana, a rana take wuni ko a inuwa, sau nawa ake wanke ta. Ya nuna mini iri biyu. Na farko kakin carnauba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil, musamman jihohin Piauí da Ceará. Yana da tauri, ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80, kuma a kan baƙar mota yana ba da sheƙi mai zurfi kamar an zuba mata ruwa. Sai dai makonni yake yi, balle a bazarar Kano da zafi ke wuce digiri 40. Na biyu na haɗin masana'anta ne, sheƙinsa bai kai na farkon zurfi ba a idona, amma yana jure watanni. Shawararsa ita ce a shimfiɗa na biyun a ƙasa saboda kariya, a ɗora carnauba a kai idan lokacin bukukuwa ya matso. An shafa shi siriri, aka bar shi ya yi hazo-hazo, yaron ya ja yatsa a kai ya ga ya fita fes, sannan ya bi da tawul mai laushi.

Ko da na biya, bai sallame ni haka ba. Ya ja mini kunne kan hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga hamada, har daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta sauke mana a kan mota dare da rana. Wannan ƙurar in aka share ta a bushe ita ke yin zanen nan, don haka ruwa ake fara watsawa kafin tsumma ya taɓa jiki. Bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso. Omo ya tsaya a wankin kaya, don wanke kakin yake yi. Inuwar darbejiya da daɗi, amma kashin tsuntsu in ya bushe a rana yana cin fenti, a jiƙa shi a cire da wuri. Ya ce ranar da na ga ruwa ya daina dunƙulewa a kan bonet, ya koma shimfiɗewa, to kakin ya ƙare, in dawo.

Kuɗin da kuka karɓa bai kai abin da na tanada ba, tunda aikin da bai kamata a yi ba ba ku yi shi ba. Abokan sana'a sun tambaye ni ko feshi na sake, na kwatanta musu wurinku.

Roƙona ɗaya: ku ci gaba da ɗaukar yara kuna koya musu yadda kuka koya wa wannan, in da hali kuma a faɗaɗa rumfar don layi ya ragu ranakun Asabar. Allah Ya ƙara buɗi, Ya albarkaci nema, Ya saka da alheri.

Wassalam,
Abokin cinikinku, direban haya a Kano.