Mama ta huta

Abokina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya uwargida da yara, yaya ruwan Fatakwal? Sau uku ina kiran lambarka ba ta shiga, shi ya sa na zauna rubutu, don ba na so ka tsinci wannan labari a Facebook. Mama ta huta. Ranar Talata ne da asuba, a ɗakinta, Baba na riƙe da hannunta. Mun sa ta ran Asabar.

Da ka ga Wusasa ranar nan! Jama'a tun daga bakin tsohuwar majami'ar laka, wadda aka gina a 1929, inda aka ɗaura musu aure, har hanyar asibiti. Matan Zumunta sun fito da zanensu iri ɗaya suna buga tulu, amma da suka kai waƙar da ita ke ba da baki a ciki, sai aka rasa mai ɗauka. Can wata tsohuwa ta ɗaga murya, sauran suka amsa da kuka. Hajiya ta Tudun Wada, mai aiko mana naman layya, kwana uku ta yi a tsakar gidanmu tana karɓar gaisuwa tare da mu. Ta ce fiye da shekara talatin shinkafar Kirsimetin Mama ba ta taɓa fashin shiga gidanta ba.

Ga abin da ya fi sa ni rubuto maka. Ka tuna Littafi Mai Tsarkinta, tsohuwar fassarar 1932, mai baƙin bango da ta ɗinke da zare? Mun sha saya mata sabuwar fassara, sai ta yi godiya ta ajiye, ta ce bakinta ya saba da tsohuwar. Jiya Yaya ta buɗe shi. A shafin farko ta jera sunayenmu mu shida, da jikoki goma sha huɗu, kowa da ranar haihuwarsa. Tsakanin sunana da na ƙanwata akwai naka, da wata tawada daban, an matsa shi cikin ɗan fili. Shekarar da Innarka ta rasu ka dawo ɗakinmu ta rubuta shi. Baba ya ce kowace asuba sai ta bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya a addu'a, kuma ba ta taɓa tsallake ka ba. Kai da ka hana kowa ɗanɗana ƙanzon tuwonta! Kwanon samirar da ka tafi da shi makaranta ma har yau ba a gan shi ba, bashi ne a kanka.

Baba ne damuwata. Shekara hamsin da huɗu suna tare. Har yanzu kofi biyu yake fitarwa idan an kawo koko, sai ya tsaya yana kallon ɗayan. Yaya ta roƙe shi ya koma wurinta Kaduna, ya ce shi da barin gidan nan sai an ɗauke shi. Ni kuma hutuna ya kusa ƙarewa, hankalina bai kwanta ba.

Af, Auta ya kawo yarinyar da zai aura gida, malamar jinya ce, mai kunya. Ashe Mama ta riga ta sayi atamfar bikin ta ɓoye a ƙasan akwati. Mangwaron bayan gida kuwa iska ta karya masa reshen da kuke hawa.

Baba ya tambaye ka sau biyu. Ka kira shi ran Lahadi bayan sujada, da yamma-yamma, don da safe a kashe wayar take.

Naka,
ɗan'uwanka na Wusasa