Zuwa ga abokan cinikinmu: mun daina karɓar aikin kwana uku

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, da duk wanda ya taɓa shigowa ɗan shagon nan namu da hotuna ƙunshe a leda. Ya gida, ya sanyi? Hunturu ya fara leƙowa Jos, bukukuwan Disamba kuma sun matso, shi ya sa muka ga gara mu yi muku wannan bayani tun yanzu, kafin a fara turo mana saƙon "Anti, don Allah jibi nake so."

Haƙuri za mu fara ba ku. A watan Agustan da ya wuce, kundin tunawa, wanda wasunku ke kira albam, guda 6 da suka fita daga hannunmu sun dawo da matsala. Guda 4 bangonsu ya banƙare kamar busasshen kifi, 2 kuma shafukansu sun manne da juna. Ɗaya daga cikinsu na wata baiwar Allah ce daga Anguwar Rogo, kundin auren 'yarta ta fari. Ta shigo ta zauna, muka gaisa har da tambayar yara, sannan ta ciro shi daga jaka ta buɗe a gabana. Shafi na huɗu da na biyar ne suka kama juna, da aka ɓamɓare su a gida sai rabin fuskar kakar amarya ya biyo ɗaya shafin. Ta ɗora yatsa a wurin ta ce, "'Yata, wannan mahaifiyata ce." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma nemi kuɗinta ba. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Muna iya ɗora wa damina laifi, amma mun san inda gizo ya yi saƙa. Farin gam ɗin da muke aiki da shi akwai ruwa sosai a cikinsa. Takarda kuwa in ta sha ruwa kumbura take yi ta miƙe, in ta bushe ta tsuke ta janyo kwalin da aka manna ta a kai. Don haka ne mai haɗa littafi yake manna takarda ciki da wajen bango, ja ya zo daidai ta kowane gefe, sannan ya danne shi da nauyi ya bar shi ya bushe a danne. Da rani kwana biyu sun isa. To amma kun san Agustan Jos: wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba, katifa ta yi sanyi, ashana ta ƙi kamawa. A cikin wannan yanayi muka karɓi aiki ran Talata muka yi alkawarin Juma'a. Muka ɗaga nauyi da sauran danshi a jikin kundin, muka kuma naɗe shi a leda wai don kada ruwa ya taɓa shi a hanya, ashe danshin muka kulle a ciki. Fuskar hoto mai sheƙi in ta ji laima danƙo take yi, shafi ya kwanta a kan shafi, shi ke nan.

Saboda haka daga yau kundin tunawa kwana 14 ne da rani, kwana 21 da damina, ana ƙirgawa daga ranar da hotuna suka cika a hannunmu. Katin gayyata da akwatunan kyauta na kwali da furannin takarda na ado kwana 7. Ko an ce za a ninka mana kuɗi ba za mu rage ba, kuma don Allah kada a aiko mana da babba ya sa baki, kunyarsa za mu ji mu amsa, a sake komawa gidan jiya. Duk wadda ta karɓi kundi a wurinmu tsakanin Yuli da Satumba ta ga ya lanƙwashe ko yana warin laima, ta kawo mu gyara kyauta. Hoton da ya lalace, in yana nan a waya, mu za mu biya kuɗin sake wanko shi.

Sai maganar da ba ta da daɗin faɗa: farashi zai ɗan tashi daga watan gobe. Takardar da muke yin shafuka da ita daga waje ake shigo da ita. Masana'antun takarda uku da gwamnati ta gina a Jebba da Oku Iboku da Iwopin ba su ke ciyar da kasuwa da irin wannan ba, don haka dala ce ke yanka mana farashi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, ga kuɗin mota daga Legas bayan cire tallafin mai. Mun daɗe muna haɗiye bambancin, yanzu ya fi ƙarfin maƙogwaro.

An ba mu shawarar mu koma kwali mai araha, wai ba wanda zai gane. A ranar karɓa kam ba za a gane ba. Takardar da ake buga wasiƙa da ita giram 80 ce a kowace murabba'in mita, mu kuwa shafinmu daga 250 zuwa 300, don ya ɗauki hoto da yankin atamfa bai rusuna ba. Amma kauri ba shi ne duka ba. Ku ajiye jarida a taga mako guda ku ga yadda za ta koma rawaya. Wani sinadari ne na jikin itace da ba a cire mata ba, shi ke sa ta canza launi ta yi tsami ta riƙa karyewa, tsamin kuma yana bin duk abin da ya jingina da ita. Kwali mai araha dangin jarida ne. Muna sayen wadda aka cire wa wannan tsami ne don kundin da kuka biya kuɗinsa ya kai ga jikoki.

Ni dai abin da ya ƙara tsayar da ni a kan wannan, tsofaffin littattafan malamanmu ne. Gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da tarin rubuce-rubucen hannu na Larabci, kuma a gidaje da yawa akwai irinsu a gafaka. Da yawansu an rubuta su ne a kan takardar Italiya mai alamar jinjirin wata uku, wadda fatake suka ƙetaro Sahara da ita. Da tsumma aka yi ta, ba da itace ba. Ganyayen ba a ɗinke suke ba, ba gam ba komai, an jera su ne kawai tsakanin bango biyu aka naɗe da fata. Sun haura shekara ɗari, har yau ana karanta su.

To, wadda biki ya matso mata kuma kwana 14 ba za su yiwu ba fa? Ta yi da kanta a gida, ba wani sirri a ciki. Almakashi mai kaifi, rula, reza, fensir, farin gam, da takarda mai kauri, sun isa. Abu biyu kawai muke roƙo. Kada salatif ya taɓa hoto, domin bayan 'yan shekaru ledarsa za ta faɗi ta bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Ku yanko kusurwoyin tsofaffin ambulan guda huɗu, ku manna su a shafi, ku zura hoton a ciki. Gam bai taɓa shi ba, ran da aka so cirewa a cire. Na biyu, hoton sikanin juna biyu da rasit na kanti kada a kai su injin da ke lulluɓe takarda da leda da zafi. Irin takardar da zafi ke rubutu a kanta ce, tana shiga injin za ta fito baƙa ƙirin. Mun ga mai juna biyu ta yi kuka a kan wannan. A ɗauki hotonsa da waya a wanko, shi kuma na asalin a sa shi a ambulan a ɓoye daga rana. Kullun fulawa ko sitaci yana mannewa, amma kyankyasai kuka gayyata walima.

Abin da za a sa a ciki kuwa, a nan muke yawan saɓawa da ku. Ana son furen roba da ƙyalƙyali a cika shafi har hoto ya rasa wurin numfashi. Mu a ganinmu yankin ankon biki ya fi, da katin ɗaurin aure, da jerin kayan lefe da gwaggo ta rubuta da hannunta har da kurakuranta, da ɗan abin hannun da asibiti ke ɗaura wa jariri. Sama da komai, a rubuta sunaye a ƙasan kowane hoto. Ku zauna da Hajiya ko Baba tun suna nan, ku nuna musu tsohon hoton nan baƙi da fari ku tambaya waye na hagu, a ina aka ɗauka. Sau nawa ake kawo mana hoto a ce "ina jin dai dangin Baba ne." In za a yi rubutu a bayan hoto, da fensir mai laushi, biro yana hudowa.

Ragowar takarda kuma ba ma zubarwa, ku ma kada ku zubar. Ita muke mayarwa sabuwar takarda ta katin gaisuwa, kuma yara sun fi kowa jin daɗin wannan aikin. A yayyaga tsofaffin takardu ƙanana, a jiƙa su kwana, a kirɓa a turmi ko a markaɗa har su zama kamar kunu. A juye a baho mai ruwa da yawa. A samo firam na katako a ɗame masa ragar sauro, a nutsa shi a ƙarƙashin kunun a ɗago a kwance, ana ɗan girgizawa ruwa na tsiyayewa. Sai a kife shi a kan tsohon zani, a danna bayan ragar da soso, a ɗaga a hankali, takardar ta zauna a kan zanin. Ƙanwata ce ta kawo mana dabarar zuba ɗan ruwan yauƙin kuɓewa a bahon, yana hana kunun dunƙulewa, takarda ta fito sumul. Kurkum yana ba da rawaya mai kyau. Zoɓo kuwa ya yaudare mu: mun zuba muna jiran ja, takarda ta bushe ta fito shuɗi-shuɗi mai toka, don takardar ofis akwai alli a jikinta, shi ke juya launin. Yanzu masu neman wannan launin sun fi yawa. Sai dai launin ganye yana koɗewa a rana, don haka ta kati ce da ado, ba ma ɗora hoto a kanta. Da hunturun nan yini ɗaya ta bushe, amma a danne ta da littattafai, in ba haka ba iska za ta murɗe ta.

Ranar Asabar ta farkon kowane wata, bayan azahar, za mu riƙa nuna wannan a shago ga duk mai so, mata da yara. A zo da tsohon zani ɗaya da takardun da aka gama da su, banda masu ɗauke da ayoyi ko sunan Allah.

Masu karɓa daga Abuja, Bauchi da Kaduna, za mu ci gaba da ba mota, amma yanzu a cikin kwali mai tauri, kuma za mu kira ku kafin ta tashi. Ku ma ku taya mu roƙon direba kada ya ɗora masa buhun dankali, an taɓa yi mana.

Masu bikin Disamba da masu son katin Kirsimeti da na sabuwar shekara, littafin oda a buɗe yake daga yau. Hannu huɗu ne kawai a shagon, in ya cika za mu rufe. A turo hotuna ta WhatsApp a matsayin fayil don kada su dushe, a haɗo da sunayen mutanen da ke ciki.

Mun gode da haƙurinku da mu. Allah ya bar zumunci, ya sa a yi bukukuwa lafiya.

Naku,
ni da ƙanwata, masu shagon takarda, Jos